Kurkunun da Ya Fito Mini a Ƙafar Hagu

Shekara biyu ko uku bayan an sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, a Gaya, ina kuma jin kaina fiye da kumandan mai mulkin garin. Motar ta wani Alhaji ce mai fataucin gyaɗa, amma idan na hau gadar da ta haɗa mu da Dahome na busa ƙaho, har ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito sai sun ɗago kai. Direbobi a lokacin ba mu da yawa. Mu ke kawo wa mata atamfa, mu ke kawo wa maza labarin duniya, rabinsa ƙarya, kuma ba mai iya musa mana tunda ba wanda ya je.

Wata damina a hanyar Yelu motar ta yi zafi. Na tsaya bakin wani tabki na ba ta ruwa, ni ma na durƙusa na sha har na ƙoshi. Na manta da zancen. Da damina ta zagayo sai wani ƙurji ya fito mini ƙasan gwiwar hagu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Matata ta duba sau ɗaya ta ce kurkunu ne. Na yi mata faɗa, na ce kurkunu ciwon manoma ne, bai san hanyar gidan direba ba. Kwana biyu bayan haka ƙurjin ya fashe, wani farin abu mai kama da zare ya leƙo.

Wanda bai taɓa tuƙa motar wancan zamani ba ba zai gane abin da ƙafar hagu take ba. Da ita ake taka ambarayaj, fedar da sai ka danne ta har ƙasa kafin mota ta yarda ka canja mata gudu, kuma ta motata sai ka sa ƙarfinka duka. Da a hannu abin ya fito, ko a ƙafar dama ma, da na yi dabara. Ƙafar hagu ita ce abincina da na iyalina.

Na tafi gidan likita ina ɗingishi. Likitan gaske yana Doso, sai jefi-jefi ake ganinsa. Wanda ke riƙe da wurin babban ma'aikacin jinya ne da kowa ke kira Majo, wani siririn Bazabarme mai farar riga da tsohon keke, wanda ba ya sauri ko da gidan na cin wuta. Shi ke allura, shi ke cire haƙori, shi ke ɗinke kan wanda ya faɗo daga giginya. Mu mutanen Gaya a lokacin ba mu yarda da maganin da ba allura ba, kuma idan ba ta yi zafi ba sai mu ce ruwa aka ɗura mana. Don haka ina shiga na fara kwance tazuge, na ce ya zaɓo mini babba.

Ya ce in ɗaure wandona, babu allurar da ke kashe kurkunu. Ya jiƙa wurin da ruwan sanyi har tsutsar ta ƙara fitowa, ya naɗe bakinta a tsinken ashana, ya juya sau biyu a hankali, ya rufe da bandeji. Ya ce in dawo gobe. Na tambaye shi kwana nawa za a yi ana wannan wasan yara, ya ce wata ɗaya, wataƙila biyu, ya danganta da tsawonta. Ya ja mini kunne da cewa kada in taɓa tsinken, don idan ta tsinke a ciki ƙafar ce za ta biya.

Kullum da safe ina zuwa, shi kuma yana juyin nan nasa biyu yana yi mini karatu. In riƙa tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, kada in shiga tabki da ciwon don zan zuba wa wasu. Na ce masa kakata ta ce kurkunu a jini yake, wasu kuma turo musu ake yi. Bai yi gardama ba. Ya ɗauko kwalbar ruwan tabki ya ɗaga ta a rana, ya nuna mini wasu ƴan mitsi-mitsin halittu suna tsalle a ciki, ya ce su ne motar da ta kawo mini fasinjan. Na ce na ga waɗanda suka fi su girma a furar tasha kuma ban mutu ba. Ya yi murmushi ya ce in miƙe ƙafa.

Ana haka Alhaji ya zo gaishe ni. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ajiye goro, sannan yana neman takalminsa ya ce da an gama girbi za a buɗe sikelin gyaɗa, kuma mota ba za ta kwana a rumfa ana kaka ba. Ya ƙara da cewa wani direba daga tsallaken kogi ya zo gaishe shi har sau biyu. Ya sa takalminsa ya fita, ni kuma na ji duk abin da bai ce ba.

Ranar, bayan la'asar, na zauna a tsakar gida na kwance bandejin na yi wa abin kallon makaniki. A saninmu duk abin da ya cije ya ƙi fita, mai yake so. Na sa matata ta ɗauko mini gwangwanin baƙin mai da ke ƙarƙashin gado. Ta ce Majo ya hana. Na ce Majo bai taɓa kwance ko ƙusa ɗaya ba a rayuwarsa. Na ɗiga man a bakin ciwon, na jira ya ratsa, na kama tsinken na fara juyawa yadda nake juya maniwal, ƙarfen nan na gaban inji, in tada mota. Juyi na uku ya tafi lafiya, na huɗu ma haka, har na fara yi wa matata dariya. A na bakwai na ji ɗan tas, tsinken ya taho a hannuna, sauran tsutsar ta koma ciki.

Kwana uku ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi, zazzaɓi ya rufe ni. A amalanke aka kai ni, ni da ban taɓa yarda in hau jaki ba. Majo ya kwance ƙyallen, ya sunkuya ya sansana, ya daɗe yana kallona.

"Tunda ka yi mata juyen mai," in ji shi, "da ka duba mata tayoyi ma."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Ya tsaga wurin ya matse ruwan ciwon, ni kuma na zage shi, na zagi kekensa, na zagi wanda ya koya masa aiki. Ya bar ni na riƙe damtsensa har farcena ya shiga, bai janye ba. Allurar da na zo nema tun farko na same ta, safe da yamma, har sai da zama ya gagare ni.

Da aka mayar da ni gida shi ya riƙa biyo ni. Kowace safiya zan ji ƙarar kekensa a ƙofa. Ya koya wa matata dafa ƙyalle da wanke ciwo da ruwan gishiri, ya sa ta yi a gabansa har ta iya. Da ciwon ya fara rufewa sai muka ga gwiwar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa sai kaɗan. Ya nemo tsohuwar robar cikin taya ya ɗaure a ginshiƙin rumfa, ya ce in sa ƙafa in riƙa dannawa sau hamsin, shi yana zaune kan turmi yana ƙirgawa. In na yi ha'inci ya koma daga farko. Na tsani mutumin nan a kwanakin, kuma in ya makara sai in riƙa leƙen ƙofa.

Wata rana na tambaye shi gaskiya, ko ƙafar za ta koma. Na so ya yi mini ƙarya irin ta masu zuwa gaisuwa.

"Ban sani ba," ya ce. "Danna."

Da aka buɗe sikeli Alhaji ya ce in zo tasha da hantsi in gwada. Majo ya bar layin marasa lafiya ya taho tare da ni yana tura kekensa. Tasha cike take, ga ƴan dako, ga masu abinci, ga direban tsallake tsaye a inuwa yana cin goro. Na hau da ƙyar. Aka tada injin. Na ɗaga ƙafar na ɗora a feda na danna da duk abin da Allah ya ba ni. Ta tafi rabi ta tsaya. Na sake, gumi na zuba, ta tsaya a wuri ɗaya. Na tura sandar canja gudu da ƙarfi, motar ta yi ƙara, ta zabura, ta mutu.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna riƙe da sitiyari, na san in na buɗe baki kuka zan yi a gaban duk Gaya. Sai na ji an buɗe ƙofar. Majo ne, fuskarsa a ɗaure, yana faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa lokacin wankin ciwo ya wuce, shi ba zai tsaya jiran kowa ba. Ya sa kafaɗa na sauko, ya ɗora ni a bayan keke ya tura har gidan likita.

Ya shigar da ni ɗakin wankin ciwo, ya kori kowa, ya rufe ƙofa. Ciwon ya warke tun mako biyu da suka wuce, ba abin da ya rage sai tabo. Ya ɗauko ruwa da auduga ya durƙusa ya juya mini ƙeya, ya yi ta wanke tabon nan a hankali, bai ɗago kai ba sai da na gama kukana.