Zakiyyu Ɗan Kurmi da Taubashiyarsa

Duk wanda ya taɓa kai hatsi niƙa a bakin kasuwar Kankia ya san Malam Zakiyyu mai inji. Ni kuwa na san shi tun ina shugaban makarantar firamare a Bauranya, kuma a gabana aka yi mafi yawan abin da zan faɗa.

A Sabon Shagamu, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, aka haife shi. Mahaifinsa, Ɗalha, mutumin Bauranya ne da fataucin goro ya kai Kurmi tun kafin yaƙin basasa; ya auri Bayarabiya, bai ƙara takowa gida ba. Da Ɗalha ya rasu a farkon shekarun tamanin, Zakiyyu ya tarar ba shi da wurin tsayawa: dangin uwarsa Bahaushe suke ce masa, Hausawan Sabo kuma ɗan Bayarabiya. Sai ya ɗaure kayansa ya taho neman gidan ubansa, yana saurayi, da 'yar Hausar kasuwa wadda ba ta miƙe ba.

Baffansa, Malam Babba, yana ganinsa ya fashe da kuka, domin kamarsa da Ɗalha ta yi yawa. Aka share masa ɗaki, aka yanka kaza. Washegari ma aka yanka. Gidan na cin tuwon dawa, shi ana dafa masa shinkafa. Idan ya ɗauki fartanya, sai a karɓe da sauri: "Haba, hannunka bai saba ba." Tsoron Malam Babba shi ne kada wahalar ƙauye ta kori ɗan ɗan'uwansa. Amma damina ta shiga ta fita Zakiyyu yana kan tabarma, ba mai aikensa, ba mai neman shawararsa. Gida ya zo nema, masauki ya samu. Ya ƙudura a ransa cewa idan aka gama kaka yana nan a baƙo, zai koma Kudu, ba kuma zai sake dawowa ba.

Ana cikin kaka sai ga Juwairiyya, ɗiyar Goggo Sa'a ƙanwar mahaifinsa, ta zo daga gidan mijinta a Ƙofa don taya sussuka. Ta tarar da shi zaune a inuwar rumbu. Ta tsaya, ta riƙe ƙugu.

"Wai wannan ne ɗan Kawu Ɗalha? Ni na zaci mutum za a nuna mini. Ku dubi ƙafafu kamar na zalɓe! Kai, ɗan Kurmi, gaskiya ne da manja aka yi maka wankan farko?"

Kafin ya buɗe baki ta fizge hularsa ta kafa wa taɓarya. Matan gidan suka kwashe da dariya.

Zakiyyu ya tashi. Ya shiga ɗaki ya fara ɗaure kaya. A fahimtarsa, abin da aka daɗe ana rufewa da shinkafa ne yau ya fito fili.

Goggo Sa'a ta bi shi, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ina zuwa da rana tsaka?"

"Goggo, na ji abin da ake ɓoye mini."

"Mi ka ji? Zauna, ɗan nan. Ni da ubanka ciki ɗaya muka fito. Ɗan namiji da ɗiyar mace taubasai ne, wasa ke tsakaninsu har su tsufa. Da baƙo ta ɗauke ka, durƙusawa za ta yi ta gaishe ka ta wuce. Duk garin nan kai kaɗai take da ikon yi wa haka."

Ya saki kayan da yake ɗaurewa. Can ya ce, "To ni ma ina iya ramawa?"

"Iyawa? In ka ƙyale ta, ta ci ka ke nan, kuma ka kunyata ubanka."

A nan ne na fi jinjina wa mutumin nan. Ya san Hausarsa abin dariya ce, ya san tsakar gidan cike yake da mata masu jiran ya yi tuntuɓe. Duk da haka ya fito, ba hula, ya tsaya gaban turmi.

"Ke mai baki kamar ƙofar rumbu," in ji shi, kalmomin na fita a karkace, "mijin naki na Ƙofa kurma ne, ko kuwa haƙuri ne Allah ya ba shi?"

Wata tsohuwa ta saki faifai, hatsi ya watse. Juwairiyya ta tafa hannu.

"La ila! Ashe zalɓen na da baki! To tunda ka iya magana, zo ka kama mini buhun nan, rago."

Ya kama. Malam Babba, da ke leƙowa daga zaure, ya yi kamar zai hana, Goggo Sa'a ta harare shi, ya koma ya zauna. Kafin la'asar Zakiyyu yana gona tare da 'yan'uwansa suna ɗaurin damma, tafukansa duk sun yi kanta.

Bai koma Kudu da zama ba. Da aka raba gandu ya sami kason mahaifinsa, ya noma shi shekaru, daga baya ya sayi inji ya dawo Kankia. Sau ɗaya ya yi doguwar tafiya zuwa Shagamu, lokacin da mahaifiyarsa ta tsufa, idanunta suka yi rauni, ya ɗauko ta. Juwairiyya ce ta baro Ƙofa ta yi jinyarta. Ɗaya ba ta jin Yarbanci, ɗaya ba ta jin Hausa, amma haka suka zauna ɗaki guda har tsohuwar ta cika, aka binne ta a maƙabartar Bauranya cikin dangin mijinta.