Barci a Tsakiyar Addu'ar Asambuli

Jama'a, yau na sha kunya a gaban yaran makarantarmu kaf!

Kun san ni, duk aikin da aka miƙo sai in ce to. Ga ajina, ga ajin Malama Rahila da ta haihu, ga koyar da waƙa, har girkin taron iyaye. Jiya Hedimasta ya ƙara mini addu'ar asambuli. Na ce to.

Da safe na sa yara suka rufe ido. Na fara, "Ubanmu wanda ke cikin sama..." Sai barci ya kwashe ni! A tsaye fa! Yara suka yi tsit suna jiran Amin. Sai da Malam Bulus ya taɓa ni ya ce, "Madam, ko wahayi ne?"

Ina shiga ofis Hedimasta ya ce, "Ran Asabar za ki raka yara Kajuru."

Na ce, "Sa, ba zan iya ba."

Ko kai bai ɗaga ba. "To, Bulus ya je. Dama don ba kya ƙi ne."

Shi ke nan fa! Shekara da shekaru ina kashe kaina a banza.

Kada wanda ya kira ni, na kwanta.