Molon da ke ƙasan akwatin mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da rusau ya iso layinmu a unguwar Jarwal ta Makka, ni na tsara kwashe kayan gida. Na kasa su uku: na ɗauka, na kyauta, na zubarwa. Ni dai ko gobara ake yi sai na jera abu bisa tsari.

A ƙasan akwatin mahaifiyata na tarar da molon Larabawa, wanda suke kira udu, naɗe cikin tsohon bargo. Raina ya ɓaci. Kayan kiɗa a gidanmu, a Makka? Na ɗora shi a kan na zubarwa.

"Ajiye shi, ya waladi, ɗana," in ji mahaifiyata. "Ba naka ba ne, ba nawa ba ne."

"To na wa ne, Umma?"

"Na wani Bayahude."

Sai da na zauna.

Ta ce tana yarinya a Bangazi ta ƙasar Libiya, mahaifinta ɗan dako ne, maƙwabcinsu kuwa Bayahude mai kiɗan biki, da matarsa da 'ya'ya huɗu. Ana cikin yaƙin duniya sojojin Italiya suka zo da manyan motoci. Mutumin ya miƙo molon ta kan katanga, ya ce wa kakana, "Riƙe mini amana, sati biyu zan dawo."

"Ya dawo?"

"An kai su sansani a hamada. Yunwa da zazzaɓin ƙwarƙwata suka fara da jaririn, sai matar, sai shi, sai maza biyun. 'Yarsu mace, ƙawata, ita kaɗai aka ce ta fita, ta shiga jirgin ruwa. Ban san ina ba."

Kakana ya goya molon ta Sudan har nan, don amana ba a barinta a hanya. Sai bayan ya sauke kaya ya tuna cewa ya kawo ta garin da mai ita ba zai taɓa iya shigowa ba.

Shekara arba'in ina kwana ɗaki ɗaya da amanar mutum biyar da suka mutu haka, ban sani ba.

Kafin Umma ta rasu ta damƙa mini shi. Na rubuta sunan ƙawar tata a takarda, na sa a ciki, na kira babban ɗana na ce, "Bayana, kai ne."