Ranar da na sace iskar tirela a bakin layinmu

Shekarun baya, lokacin ina karatun jami'a a harabar Kongo da ke garinmu, ni ne sakataren matasan layinmu a Tudun Wada, kuma wallahi ji nake kamar gwamna. Babbar matsalarmu a lokacin ita ce tireloli. Direba zai zo ya gicciye motarsa a bakin layi ya tafi harkarsa, ko Keke Napep ba ta samun hanya. Mun yi ta sintiri gidan mai unguwa har aka kafa doka: tirela ta tsaya a bakin babban titi, kada ta kusanci layi. Ni na rubuta dokar a jikin allo da hannuna.

Sai ga bikin ƙanwata ya zo. Ranar jere, dole a kwashe gado da kujeru da sauran kayan ɗaki zuwa Gyallesu, mata su gama shirya su kafin la'asar, domin a yammacin za a kai amarya. Mahaifiyata ta yi sati tana nanata cewa ba za ta ji kunya a gaban dangin ango ba.

Da hantsi na sauko daga acaɓa cikin sabuwar farar shadda, ina ta murna. Me zan gani? Tirela ta toshe bakin layinmu, daidai ƙarƙashin allona. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ko gida ban shiga ba, na ari ɗan makulli wajen mai gyaran babur, na kwance bawul ɗin tayoyin gaba guda biyu, na wurga su cikin kwata. Iska ta fara fita da ƙara, ni kuwa na riƙe ƙugu ina jiran direba ya zo mu yi ta.

Ƙarar ce ta fito da mutane daga zauren gidanmu. Mahaifina ne a gaba, a bayansa wani tsohon direba abokinsa, da kofin koko a hannu.

Mahaifina ya dubi tayoyin, ya dube ni. "Kai ka yi wannan?"

Na ce, "Baba, doka ce. Ta ina motar jere za ta shigo?"

Ya ce, "Ai ita ce motar jeren."

Ashe dattijon nan gudummawarsa ke nan. Ya ce babu dalilin a yi sawu uku da a-kori-kura alhali yana da mota, har an nemi izinin mai unguwa tun jiya. Ni kaɗai ne ban sani ba, saboda a makaranta na kwana.

Kafin in buɗe baki mata sun fito da kaya niƙi-niƙi. Mahaifiyata ta tsaya tana kallon motar da ta durƙusa, sannan ta juyo ta dube ni. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo.

Direban ya kurɓi kokonsa ya ce, "Sakatare, iska ba matsala ba ce, motar tana da tankinta. Ina bawul ɗina?"

Na nuna kwata.

"To bismilla."

Haka na naɗe hannun riga na tsuguna ina lalube a cikin baƙin ruwa, mata suna dariya har da tafi. Ƙanwata ta leƙo da lalle a hannu tana cewa, "Yaya, don Allah ka yi sauri!" Na tsamo murfin kwalba, na tsamo tsohon cokali, ban ga bawul ba. Gumi ya jiƙe ni, shadda ta koma wata kala.

Sai da na kusa yin kuka dattijon ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙaramin gwangwani cike da bawul. Ya ce, "Direban da ke zuwa Legas ba ya rabuwa da su, ɗana. So nake ka ɗan san wahalar abin da ka jefar."

Ya ɗaura sababbin bawul, ya jona tiyo a tankin, ya tayar da mota, tayoyi suka fara miƙewa. Layi ya kaure da guɗa. Muka yi ta loda kaya da gudu, ni na fi kowa zafin nama. A sawu ɗaya aka kwashe komai. A bayan tirela na tafi Gyallesu, rungume da madubin amarya, ina warin kwata, ina dariya ni kaɗai. Ana kiran la'asar mata suna shimfiɗa zanen gado.

Har yau ina nan kan bakana cewa tirela ba ta da hurumin toshe wa mutane layi, kuma allon yana nan. Amma yanzu idan na ga mota a inda bai kamata ba, sallama nake fara yi in tambayi ta wane ne. 'Ya'yan ƙanwata kuwa ba su san ni da wani suna ba sai Kawu Mai Taya.