Mai Hoto da 'Yar Jar Motarsa Mai Son Gangare

Mai hoton unguwarmu ya shekara talatin yana cewa mutane su yi murmushi, shi kuwa ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da labule mai zanen teku, da kujerar roba, da kwat guda da duk mai neman aiki yake arowa a ɗauke shi a ciki. Mutum ne mai tsumulmula, ko batirin tocila sai ya shanya a rana kafin ya yar. To wannan bawan Allah ne, da furfurarsa da komai, ya wayi gari ya sayo mota 'yar kwalisa, ta hannu, ja wur, ƙofa biyu, bayanta a datse, cikinta na neman shafar ƙasa. In ya taka ta, salansarta har layi na uku ake ji.

Matarsa, wadda nas ce a asibiti, ta zagaya motar sau ɗaya ta riƙe haɓa.

"Baban yara, wannan ai ta samari ce. Ina za mu sa buhun shinkafa?"

"Kujerar baya tana kwantawa," in ji shi.

"To ka ji ni da kyau. Ranar da na ga ana tura ka a titi, washegari dillali zai zo ya ɗauke ta."

Mai saye da mai sayarwa kowa ya yi wa ɗan'uwansa rantsuwa, amma motar ba ta yi wa kowa alkawari ba. Siraran tayoyinta ba sa jure rami, mai kuma sai mai kyau take sha, in ba haka ba ta yi ta tari. Duk wannan ya shanye shiru. Wata na huɗu sai sitata ta mutu, wato abin da ke tada inji in an murɗa makulli. Bakanike ya juya ta a hannu ya ce irin wannan sai an yi odarta daga waje, ya faɗi kuɗin da ya sa mai hoto ya nemi wurin zama.

Ya sayi sitata? Ina! Sai ya gano cewa in motar ta gangara, ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, tana tashi lafiya lau. Gidansa kuwa a kan tudu yake. Tun daga ranar ya san kowane gangare na garin fiye da ruwan sama. Ya bar mai askinsa na shekara goma sha biyar saboda shagonsa a kwari yake. Biki in a fili ne, ya ce aiki ya yi masa yawa. Kasuwa kuwa can nesa yake ajiye matarsa ta ƙarasa da ƙafa, wai tafiya tana da amfani ga jini, kamar shi ne nas ɗin. Shekara guda cur yana wannan rawa.

Ana nan sai yayar matarsa ta koma sabon gida, aka ce su zo su gani. Da suka shiga layin, gabansa ya faɗi: layin shimfiɗe yake kamar faranti, ko ƙwallo aka ajiye ba za ta motsa ba. Ya ce zai jira a mota, injin na aiki. Mijin yayar, wanda dama ba ya rabo da yi masa ba'a, ya leƙo ta taga.

"Haba ƙanena, man kyauta ake ba ka? Kashe ka shigo ka sha shayi!"

Ya kashe. Shayin nan ko ɗanɗanonsa bai ji ba.

Da suka fito, masu gida suka raka su ƙofa suka koma ciki. Ya murɗa makulli, ƙyat. Ya sake, ƙyat. Gumi ya keto masa, ya soma lalube ƙarƙashin sitiyari kamar wani abu ya faɗi. Matar ta dube shi, ta waiga ta dubi ƙofar gidan yayarta. Sai ta fita, ta tuɓe takalma ta jefo su kan kujera, ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Giya ta biyu ko? Yi sauri kafin mutumin nan ya fito."

A madubi ya hango ta, mace mai jikoki da ciwon gwiwa, ta sunkuyar da kai tana tura masa abin wasansa ba takalmi. Kunya ta rufe shi, wallahi har idonsa ya kawo ruwa. Motar ta yi tsalle ta ɗauka. Ta shigo tana haki, suka kama hanyar gida.

"Gobe zan kira dillali da kaina," ya ce a hankali.

"Wa ya aike ka?"

"Ke kika ce..."

"Na san abin da na ce. Ka zaci ban san dalilin da ya sa nake taka sayyada zuwa kasuwa ba?" Ta murza gwiwarta. "Shekara ashirin da shida ina zaune da kai, ban taɓa jin kana waƙa ba sai a cikin akwalar nan. Ka sayi ƙarfen kawai, malam. Gwiwata ba za ta yi sau biyu ba."