Takardar Naɗe Tsire

Yayana mai tsire ne a bakin tashar Cadawa, kuma shekara uku da suka wuce ya yi tarin tibi. Wata shida yana shan magani a ɓoye. Daga matarsa sai ni muka sani, sai kuma likitan wani ƙaramin kilinik da duk gidanmu ke zuwa. Ya ce wa mutane ƙafa ce ke damunsa, ya bar wa wani ɗan'uwanmu tukubar har ya warke. Dalilin ɓoyon a fili yake. Mahaucin da aka ji ya taɓa tarin jini, ko ya warke sumul, ƙuda kaɗai zai rage masa a kan nama.

Da ya koma sana'a, sai ya aike ni in karɓo masa takardunsa, tunda ni na yi lakol, makarantar boko, shi allo kawai ya yi. Matar da ke buro, wato ofishin kilinik ɗin, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba ta san wannan zance ba. Ko uwa ɗaya uba ɗaya muke, sai mai ciwon ya zo da kansa da katin ɗan ƙasa. Har ta nuna mini wata doka da aka manna a bango game da sirrin mara lafiya. Na ji haushin wahalar banza, amma a hanya na yaba musu. Na ce wa Yaya ya kwantar da hankalinsa, asirinsa yana cikin kabad an datse da kwaɗo.

Bara bayan kaka, ranar kasuwa, na biya wurinsa ya naɗe mini tsinke uku. Sai da na zauna a gida na buɗe, na ga hatimin kilinik ɗin a ƙarƙashin ƙuli da albasa. Ga sunan wata mata ta unguwarmu da nake gaisarwa kullum, ga shekarunta, ga yawan ɓarin da ta yi, ga wani ciwo da ba zan rubuta a nan ba. Mai ya jiƙe takardar amma rubutun raɗau yake. Wallahi naman nan ko kallonsa ban ƙara yi ba.

Na koma tasha raina a ɓace. Yaya ya ce ai gardin kilinik ne ya kawo. Wai sun koma aiki da ordinatar, wato kwamfuta, an ba shi tsofaffin takardu ya ƙona, shi kuwa ya ga asara ce, ya rarraba wa masu ƙosai da masu gyaɗa da mahauta. Har Yaya yana yaba mini kaurinta, wai ta fi takardar siminti riƙe mai. Da rubutun Larabci ne a kai, da ko taɓa ta da hannun maiƙo ba zai yi ba. Amma boko ne, kuma a wurinsa boko da zanen kaza duk ɗaya.

Na jawo damin takardun daga ƙarƙashin tebur na tsuguna ina bi ɗaya bayan ɗaya. Rabin garinmu na ciki, har da dattawan da nake cire wa takalmi. Can wajen ƙarshe na ga sunan Yaya. Shafi na biyu ne, an yage shi daga na farko. Na sake bin damin tun daga sama, babu na farkon.

Ya ga fuskata, ya ajiye wuƙa.

"Mi aka rubuta ga wagga?"

"Taka ce, Yaya, ta biyu. Ta ce ka warke."

"To madalla. Ta farin hwa?"

Na ce ita ce mai sunan ciwon, kuma ba ta cikin damin. Ya juya yana kallon motocin Maraɗi da na Agye suna lodi. Tun hantsi yake naɗe nama, kuma yanzu babu gidan da babu mai karanta Faransanci.

Washegari na je kilinik na zazzage musu abin da ke cikina. Likitan ya ce a yi haƙuri, za a ja wa gardi kunne. Dokar nan tana nan a bango, an ma sabunta fentin da ke kewaye da ita.

Shafi na biyu yana aljihun Yaya har yau, cikin leda. Ba ya iya nuna wa kowa shi, don duk wanda ya ga an ce ya warke zai tambayi daga me.