Gorar da Na Tumɓuke a Gurbin Romi

Ban fi shekara guda a sashen kula da kifi ba lokacin da na tafka wautar da har gobe in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. A shekarun tamanin ne. Ina zaune a Tudun Wada, ina da babur ɗin ofis, ina da taurin kai, kuma gani nake tunda na yi ɗan kwas, babu mahaluƙin da zai gaya mini wani abu game da ruwa.

A bayan ƙauyen Romi akwai wani gurbi mai zurfi a cikin rafi, ba ya ƙafewa komai tsananin rani. Na Gbagyin wurin ne tun kaka da kakanni. Mai riƙe da shi wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, gajere, marar yawan magana, Hausarsa da gargada amma ba a rasa gane abin da yake nufi. Da ruwan farko ya sauka, tarwaɗa da karfasa kan taru a gurbin su yi ƙwai. Sai ofishinmu ya yanke shawarar a kare wurin. Madalla. Amma ko mutum ɗaya a cikinmu bai tambayi masu wurin yadda suke kare shi ba tun kafin a haife mu.

Oga, shugaban ofishinmu, ya ba ni allo an rubuta da Turanci cewa an hana kamun kifi, ya ce in je in kafa. Na ɗaure shi a bayan babur na tafi. Baba ba ya gari, ya je makoki wani ƙauye. A bakin gurbin na tarar da wata doguwar gora a tsaye, an ƙulla ciyawa a kanta, kuma daidai wurin ne kaɗai ƙasa ke da tauri. Na ce a raina tsafi ne. Na yi a'uziyya, na tumɓuke ta, na wurga cikin jeji, na kafa allona a raminta. Har ja da baya na yi na duba ko ya miƙe.

Ashe gorar nan ita ce dokar. Muddin tana tsaye da ƙullinta, ruwa a rufe yake, babu mai jiƙa ko da komar kamun kifi. Ranar da Baba ya cire ta, an buɗe shi ke nan, kowa ya zo. Masuntan unguwannin Makera da Kakuri duk sun san haka, sun kuma daɗe suna kiyayewa. Da suka ga babu gora, allo kuwa bai ce musu komai ba, sai suka zo da taru. A kwana uku suka kwashe gurbin ƙaf. Na ga kifin da idona a farantan mata a bakin titi, cikinsu fal ƙwai. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Oga ya hau sama. Ya ce dama ya faɗa, mutanen ƙauye ba su san gobe ba, an kafa musu allo sun yi biris. Ya sa aka shirya takarda: a karɓe gurbin daga hannunsu gaba ɗaya, a sa masu gadi, duk wanda aka kama a wurin a kai shi kotu. Ina tsaye ya faɗi haka, na ɓoye cewa ni na tumɓuke gorar. Ba a tabbatar mini da aikina ba tukuna, kuma tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Kwana biyar ina fama da kaina, sannan na tafi wurin Baba. Na same shi yana ɗinkin koma a gindin mangwaro. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni na cire gorar."

"Na sani, Malam," ya ce, bai ɗago ba. "Mata masu wanki sun gan ka."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Wa zai ɗauki maganata ya bar ta mai babur?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A nan na ƙudurta cewa ko aikin zai tafi, gurbin nan ba zai bar hannunsu ta dalilina ba.

Ranar da Oga ya zo karanta takardar a ƙofar gidan mai unguwa, jama'a sun cika. Bai kai rabi ba na miƙe. Ya ce, "Zauna." Na ce, "Yallaɓai, ba zan zauna ba." Na faɗi komai, da Hausa, yadda kowa zai ji. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Oga ya ninke takardarsa ya shiga mota, bai ko dubi inda nake ba.

Washegari na tarar da takardar tuhuma a kan teburina. Na amsa ta, a ƙasan amsar kuma na rubuta shawara: rufe ruwa da buɗe shi su zauna a hannun Baba, ofis ya riƙa sanarwa, ya kuma tsare wurin daga masu zuba maganin ƙwari a ruwa don kashe kifi, sannan a riƙa zama tare kafin damina da bayanta. Oga ya karanta ya yi dariya.

"Wato so kake gwamnati ta sa hannu a kan ƙullin ciyawa?"

"Yallaɓai, ciyawar nan ta tsare ruwan tun zamanin kakanninsa. Allonmu ko kwana uku bai yi ba."

Ya kore ni daga ofishinsa. Na dawo washegari. Sau uku yana mayar mini da takardar, sau uku ina kai wa mai buga tafireta, har ta fara ɓuya in ta hango ni. Na bi masuntan Makera ɗaya bayan ɗaya, na roƙi manyansu su zo su shaida cewa gorar suke bi. Suka zo, wasu da kunya, wasu da faɗa, amma suka faɗa. An jinkirta tabbatar da aikina da shekara guda. Na ji zafi, ba zan yi ƙarya ba, sai dai ban fasa sintiri ba. Kafin kaka Oga ya gaji da ganin fuskata, ya sa hannu.

A zaman farko Oga ya ce a rufe gurbin wata huɗu. Baba ya girgiza kai ya ce damina biyu. Mutanensa ne za su fi kowa shan wuya, don daga nan suke samun na miya.

Na ce, "Baba, damina biyu fa? Me za ku ci?"

Ya ce, "Iyayen kifin aka kwashe, Malam. Wanda ya rage ƙanana ne. Ba a aurar da su a wata huɗu."

Ya dangwala yatsa a takardar. Haka suka yi damina biyu suna miyar kuka da daddawa, ruwa na gabansu, babu wanda ya taɓa. Ni kuwa duk mako ina can, ko ofis ya aike ni ko bai aike ni ba.

Baba bai ga buɗewar ba. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi a rani na biyu. Ƙanensa ne ya buɗe ruwan, kuma kifi ya dawo, har manyan tarwaɗa irin waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Da yamma ƙanen ya miƙo mini guda ɗaya a cikin ganye, ya ce Baba ne ya bar wasiyya a ba ni ta farko, wai don in san gurbin yana hannunsu.

Na kai gida aka dafa. Na zauna a gaban kwanon har ya huce. Sannan na wanke hannu na ci, don mayar da ita ba abin da zan iya yi masa ba ne.